Hoton Delpha a Bakin Bas

Delpha Tolman ta kai shekara arba'in da ɗaya kafin wani baƙo ya ɗauki hotonta. A garin Tilby ba a damu da hoto ba. In an ɗaura aure ko an gama ginin rumbu, wani dattijo yakan jera mutane a gindin jan dutse ya ɗauka, a rataye a bango, shi ke nan.

A nan aka haife ta, ita ce ta tara a ɗakin uwarta, ban da 'ya'yan sauran ɗakuna biyu. Aikin da ta tashi da shi gashin burodi ne. Litinin da Alhamis takan fitar da arba'in arba'in, da alkamar da ta niƙa da kanta, a raba wa gidajen da matansu ke jego ko jinya. Hannunta daga wuya zuwa gwiwa duk tabon ƙuna ne, amma doguwar riga ta rufe, ba mai gani.

Akwai abin da ake koya wa 'ya mace a Tilby tun kafin ta iya ɗaure igiyar takalmi, shi ne sakin fuska. Yarinya ta faɗi ta goge gwiwa, uwa ta ɗaga ta, ta kaɗe mata riga, ta ce, "Saki fuska." An yi miki faɗa, ki saki fuska. A bakin kabari ma haka. Mutanen garin sun ɗauka zuciyar da ke hayaniya ba ta jin kiran Ubangiji, fuska kuma ita ce ƙofar zuciya da ake fara gyarawa. Kakar Delpha tana da ƙarin dalili. A zamanin ƙuruciyarta hukuma ta taɓa zuwa ta kwashe su, ta yi shekara biyu a hannun mutanen waje. Abin da ta dawo da shi bai wuce magana guda ba: kada ki ba su hawayenki, ba ki san inda za su kai su ba.

Delpha ta koyi wannan fiye da kowa. Har iyaye mata kan nuna ta su ce wa 'ya'yansu, "Dubi Delpha."

Tana da shekara ashirin da huɗu ta auri Alvin Tolman mai gyaran famfon rijiya. Ta tarar da uwargidansa Ione a gidan, mace mai faɗin kafaɗa da kaifin baki. Daga baya aka kawo Marva, ta uku. Delpha ba ta taɓa haihuwa ba. Ione takan tsokane ta a kan tafiyarta, da gishirin miyarta, da yadda take rera waƙar ibada kamar ana jan ƙofa, amma a kan rashin haihuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ba.

Marva ta haifi 'yarta ta fari a gida, kamar yadda kowa ke yi, jini ya ƙi tsayawa. Kafin a gama shawarar kai ta asibitin birni, mai nisan awa biyu, ta kama hannun Delpha ta ce, "Taki ce." Aka sa wa yarinya Nettie. Ungozoma ta rubuta sunan a bangon littafin ibada na gidan. Babu wata takarda bayan wannan, ba kuma wanda ya ga bukatarta. Bayan shekara uku Alvin ya faɗi a bakin wata rijiya, zuciyarsa ta tsaya.

Nettie ta tashi da ciwon asma. Delpha ta san sautin ƙirjinta kamar yadda ta san ƙamshin burodin da ya nuna. Ta san ƙura na tayar da shi, da gashin mage, da madarar shanu in ba a tafasa ba. Abin da ya fi saurin tayar da shi kuwa kuka ne.

Da safiyar wata Alhamis cikin Afrilu, Nettie na da shekara shida, motoci suka shigo gari a jere. Ba za a ce babu abin da ya kawo su ba. Akwai gida biyu a ƙasan kwari da mata ke sauya hanya in za su wuce, an kuma daɗe ana yin shiru a kansu, shirun da bai kamata ba. Amma da hukumar kula da yara ta zo, ba gida biyu ta nufa ba. Takardar da ke hannunsu ta ce duk yaron da ke Tilby yana cikin haɗari. Yara ɗari da talatin da bakwai. Aka kawo bas huɗu aka tsayar a filin makaranta.

Nettie ta riƙe rigar Delpha da hannu biyu. Numfashinta ya fara gajarta.

"Mama Delpha, ke ma za ki shiga?"

"Ba yanzu ba. Ke dai ki zauna kusa da taga. Kin taɓa shiga bas?"

"A'a."

"To kin riga ni. In kin dawo ki ba ni labari."

Ta durƙusa ta sa mata abin shaƙar maganin asma a aljihu, da rabin burodi a tsumma. Ta san in yarinyar ta ga ko ɗigo ɗaya a idonta za ta fashe da kuka, ƙirjin ya rufe, a hannun mutanen da ba su san kan ciwon ba. Sai ta yi abin da ta iya. Ta saki fuska sosai, ta ɗaga Nettie ta miƙa wa ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa, ta ɗaga mata hannu.

A bayan shingen waya akwai wani mutum da doguwar kyamara.

Ba a ajiye talabijin a Tilby. Sai da Ione ta je gidan mai na bakin titi ranar Asabar ta dawo da jarida. Hoton ya cinye rabin shafin gaba: mace da doguwar riga, gashi a kitse an tayar da gaba, tana miƙa yarinya, bakinta har kunne. A ƙasa aka rubuta: Ta ba da 'yarta tana murmushi.

Ione ta shimfiɗa jaridar a kan teburin kwaɓi. Ita ma an tafi da nata uku na ƙarshe.

"Kin yi suna," ta ce. "Ashe haka hancinki yake ta gefe."

"Yaya, sun faɗi inda aka kai su?"

"Sun faɗi yawan maɓallan rigarki. Sun kawo wani masani ya bayyana ma'anar kitsonki. Inda aka kai yara kuwa, ba su samu fili ba."

Motocin 'yan jarida suka cika bakin titi, masu farantin watsa labarai a ka. Mako biyu ba wanda ya yi musu magana, domin haka aka saba. Su kuwa ba su rasa abin faɗa ba. Daga baya dattawa suka zauna suka yanke a buɗe ƙofa, a bar mace ɗaya ta yi magana da yawun iyaye mata. Kawu Lehi, wanda ke jagorantar ibada tun da babban jagoransu ya gudu, ya zo gidan da kansa.

"Delpha muka zaɓa," ya ce. "Suna cewa matanmu a firgice suke. To su ga wadda ta fi kowa natsuwa."

"Kawu, da Rosella kuka tura," in ji Ione. "Tun ranar take zubar da hawaye kamar famfon da ya lalace. Su mutanen nan irin wannan suke ganewa."

"Mu nuna musu rauninmu ke nan?"

"Ni dai na faɗa."

"Saki fuska, Ione," ya ce, ya ɗauki hularsa.

'Yar jaridar da ta zo mace ce mai gajeren gashi da fara'a. Ta ci burodi da zuma har yanka biyu, ta ce tun rasuwar kakarta ba ta ci irinsa ba. Aka kafa fitilu a kicin. Delpha ta yi magana minti arba'in, wadda ba ta taɓa yin irinta ba. Ta faɗi yadda ake gane ciwon zai tashi, kafaɗun yarinyar na ɗagawa kafin a ji fito. Ta roƙi duk wanda Nettie ke gidansa ya fitar da mage, ya tafasa madara, kada ya bar ta ta yi dogon kuka. Ta maimaita har sau uku, a hankali, don mai ji ya samu rubutawa.

Matar tana gyaɗa kai. Can ta ce, "Shekararki nawa aka yi miki aure?"

"Ashirin da huɗu."

"Akwai waɗanda aka yi wa suna ƙasa da sha shida a garin nan?"

Delpha ta yi shiru. Gidajen ƙasan kwari suka zo mata a rai. Ƙarya ba ta iya ba, kuma ba a taɓa koya mata yadda ake ambaton gidan wani a gaban baƙo ba. Ta dubi hannunta, ta ɗago, fuskar ta yi abin da ta saba.

"Ni dai ban saba shiga maganar gidajen mutane ba," ta ce.

Sun ga shirin a ofishin lauyar da kotu ta ba ta, wata Gail Petrosky, siririya mai tauna cingam don ta bar taba. Daga minti arba'in abin da ya fita bai kai a ƙirga ashirin ba: tambayar, shirun, murmushin, amsar. Aka maimaita shirun a hankali. Sannan wani mai furfura a ɗakin labarai ya ce wannan ita ce fuskar mutumin da aka wanke wa ƙwaƙwalwa, a lura da idanun, babu kowa a bayansu. Ba a ambaci mage ba.

Gail ta kashe talabijin.

"Ki saurare ni, Delpha. Alƙalai ma mutane ne, suna kallon wannan suna cin abincin yamma. In muka shiga kotu, ki yi kuka."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane nake so. Wanda kike yi a ɓoye ba ya yi mini amfanin komai."

"Ban sani ba ko zan iya."

"Kina son yarinyar?"

Delpha ta dube ta kawai.

"To kin gani," in ji Gail. "Ni na gane. Amma ni awa shida na yi da ke. Shi alƙali minti ashirin zai ba ki."

Ta gwada. Takan tsaya gaban madubin ɗakin wanki ta tuna hannuwan Nettie a rigarta. Ƙirjinta yakan cika har ta dafa bango, amma da ta ɗago sai ta ga mace mai sakin fuska tana kallonta. Ione ta same ta a haka wata rana, ta koma kicin ta dawo da albasa.

"Ungo. Ki sa a hannun riga."

"Yaya, don Allah."

"Da gaske nake. Ko in zauna a bayanki da allura? Shekara goma sha bakwai ina neman dalilin tsira miki ita."

Delpha ta yi dariya kaɗan. Ione ta zauna a kan kwandon wanki, albasar a cinyarta.

"Sun yi mana aiki mai kyau, iyayenmu," ta ce. "Ba ya warwaruwa."

A watan Yuni babbar kotu ta ce hukuma ta wuce iyaka, ba a kwashe yaran gari guda saboda laifin gida biyu. Aka ba da umarni a mayar da kowane yaro hannun iyayensa. Mazan gidajen nan biyu suka tafi kurkuku, ba wanda ya ce komai a kai. Iyaye suka bazu cikin jihar da takardar gwajin jini a hannu suna karɓo 'ya'yansu. Ione ta dawo da nata uku, sun yi ƙiba, sun koyo kalmomin da sai da ta wanke musu baki da sabulu.

Gwajin jinin Delpha bai haɗa ta da kowa ba. Uwar Nettie ta rasu, uban ya rasu, takardar riƙo babu. Gail ta kai littafin ibada kotu, aka duba bangon aka mayar mata. Ana cikin haka wata mata ta shigar da bukata: Janell, yayar Marva, wadda ta bar Tilby tana da shekara sha tara, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a birni. A takardarta ta rubuta cewa ta ga hoton a jarida, ta gane kamannin ƙanwarta a fuskar yarinyar, ta kuma ga yadda aka miƙa ta.

Delpha ta je gidan mai ta kira gidan talabijin. Aka yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan. A ƙarshe wani saurayi ya ɗauka.

"Ina neman sauran maganar da na yi," ta ce. "Minti arba'in ne. Ina so alƙali ya gani."

"Wane labari ke nan?"

"Na Tilby."

"Au, na masu mata da yawa. Ai an gama wannan, ko? An mayar da yaran."

"Ban da ɗaya."

Ya ce abin da ba a watsa ba wata ɗaya ake ajiye shi, sannan a goge. Matar da ta yi hirar kuma an ƙara mata girma, ta koma babban ofishi. Ya ce ta bar lambarta. Ta ce ba ta da waya. Ya yi mata fatan alheri.

Aka zauna shari'ar a watan Satumba. A Afrilu sai da aka sa 'yan sanda a ƙofar wannan kotu saboda cunkoson kyamarori. Ran nan babu kowa a kan bencunan sai Ione da wani tsoho da ya shigo neman sanyi. Lauyan Janell ya kunna guntun hirar, ya ɗaga jaridar.

"Ke ce wannan?"

"Ni ce."

"Me ya ba ki dariya?"

"Ba dariya ba ce. In ta ga ina kuka ita ma za ta yi, ƙirjinta ya rufe."

"Yau ba ta nan. Ana maganar ko za ki sake zama da ita har abada. Ga shi kuma har yanzu kina yi."

Gail ta miƙe ta yi ƙorafi, alƙali ya amsa mata. Amma ya riga ya ɗago ya duba. Delpha ta ji kumatunta a ɗage, ta nemi sauke su, ta rasa ta inda ake farawa. Kamar a ce wa mutum ya daina jin yaren uwarsa.

Alƙalin ba mugu ba ne. Ya ce ba ya shakkar an kula da yarinyar. Ya ce doka ta san jini ta san takarda, ɗaya ɓangaren na da ɗaya, wannan ba shi da ko ɗaya. Ya ƙara da cewa akwai damuwa a kan yanayin da yarinyar za ta tashi a ciki, wanda duk ƙasa ta gani. Ya ba Janell riƙo. Ya ba Delpha ziyara sau ɗaya a wata, awa ɗaya, a gaban ma'aikaciya.

A baranda Janell ta tsaya. Wando ne a jikinta, amma tafiyar ta 'yan Tilby ce.

"Na san fuskar nan, Delpha," ta ce. "Shekara sha tara na yi ina yinta. Na san akwai mutum a baya."

"To me ya sa ba ki faɗa masa ba?"

"Don ba na so ta koya."

Delpha ta zaro takarda daga aljihu, shafi biyu da rubutun fensir kan yadda ake kula da ciwon Nettie, ta miƙa.

"Kina da mage?"

"Biyu."

"Ba ta..."

"Na sani. Aikina ke nan. Na riga na bayar da su."

Ziyarar farko a wani ɗaki aka yi mai kujerun roba da akwatin kayan wasa, awa huɗu daga Tilby. Ione ce ta tuƙa, ta jira a mota. An yanke wa Nettie gashi zuwa kafaɗa, an sa mata riga mai hoton doki. Ta ƙara tsawo. Numfashinta lafiya lau, Delpha ta saurara tun daga ƙofa. Burodin da ta kawo an karɓe a wurin bincike, wai ba a shiga da abincin gida.

Suka zauna suna haɗa wani hoto da aka yayyanka. Nettie ta ba ta labarin makaranta, da wata ƙawa mai suna Priya, da wurin iyo. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce:

"Mama Delpha, wata yarinya ta nuna mini hotonmu a kwamfuta."

"To."

"Ta ce murna kike yi da na tafi."

Ma'aikaciyar da ke kusurwa ta daina rubutu.

"A'a," in ji Delpha. "Ba murna nake yi ba."

Nettie ta ɗago ta duba fuskar, ta daɗe tana dubawa, irin duban da yaro ke yi wa abin da aka ce masa magani ne ba ɗaci. Sannan ta koma kan hoton.

"Wannan na sama ne," ta ce. "Miƙo shuɗin."

Delpha ta miƙa mata. Suka ci gaba har ma'aikaciyar ta ce saura minti biyar.

A hanyar dawowa Ione ba ta tambaye ta komai ba, ba ta kuma tsokane ta ba, har suka wuce gidan mai.

Ziyara huɗu aka yi. Kafin ta biyar Janell ta samu aiki a wata jiha can arewa, kotu ta amince, aka ce za a duba yadda za a tsara. Gail ta rubuto wa Delpha wasiƙa uku a kan maganar. Ta huɗun ba ita ta sa hannu ba, wani ne ya rubuto cewa ta bar ofishin, a yi haƙuri, za a sanar da Delpha in an naɗa mata wani lauya.